Minti Goman da Ke Tsakanin Lyon da Paris

Habu, dominka na rubuta wannan babin, ko da yake ina so Zara ma ta karanta. Ranar Lahadin da kuka zo cin abincin rana, kana ba ƙanwarka labarin aikin nan da ka nema ba ka samu ba, sai na ji ka ce, “Ko Baba ma sun danne shi, balle ni.” Ka faɗa ka ci gaba da cin shinkafarka, kamar wanda ya ce yau Lahadi. Mahaifiyarku ta dube ni ta saman tabarau, ni kuwa na ce a miƙo mini yaji. Tun daga ranar ban sami sukuni ba. Wannan maganar sa'arka ce, shekararku ɗaya da ita, kuma ƙarya ce. Babu wanda ya danne ni. Na sani, mahaifiyarku ta sani, amma na bar ku kuka girma a kanta domin ta fi gaskiyar daɗin ji a kunnena.

Ban zo Faransa ina yaro ba. Sai da na shekara goma ina koyar da lissafi a lakwal a Damagaram kafin in sami bursi, wato tallafin karatu, in zo Paris karatun falaki, ilmin taurari. Mutanen gida sun ɗauka a kan soro nake kwana da madubin hangen nesa, har wata gwaggona ta aiko a gaya mini in riƙa rufe kaina saboda raɓa. Ina! Aikina na rana ne, a wani ɗan buro, wato ofis, da muke zama mu huɗu, kowa da ordinatarsa, wato kwamfuta, da tulin takardu. Da safe in hau jirgin metro daga unguwar Montreuil, inda nake da ɗaki ɗaya a hawa na shida, da yamma in koma. A shekara huɗun da na yi a wannan buron, lokutan da na ɗaga kai na dubi sama ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Malamar da ke duba aikina tsohuwa ce gajeruwa mai furfura, ba ta da yawan dariya. Madam kawai muke ce mata, haka kuma zan kira ta a nan. Ranar da ta fara koya mana, ta ciro makullin buronta mai igiya ta riƙa juya shi a saman kanta. Ta ce kowace duniya da ke zagaya rana so take ta miƙe ta yi tafiyarta, rana kuma tana janyo ta. Ba ta iya tserewa, ba ta kuma faɗawa cikin ranar, sai ta yi ta zagaye. Turawan ajin suna ta rubutu, ni kuwa ina murmushi, domin majajjawar da muke korar tsuntsaye da ita a gonar gero ce ta faɗo mini a rai. Ta ƙara da cewa ba rana kaɗai ke ja ba. Duk abin da ke da nauyi yana jan ɗan'uwansa, gwargwadon nauyinsa da kusancinsa. Sannan ta ba mu labarin wani Bajamushe na shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Ba zan cika ku da sunaye ba, suna nan cikin littattafanku na lakwal. Mutumin nan ya yi shekaru yana lissafin hanyar da duniyar Mirrihi ke bi, a kan cewa da'ira ce cikakkiya kamar yadda magabata suka faɗa. Lissafinsa ya dace da abin da aka gani a sama, in ban da ɗan bambanci da bai wuce kamar rubu'in faɗin wata ba. Da ya so, da sai ya ce idon mai dubawa ne ya kuskure, babu wanda zai musa masa. Bai ce ba. Ya watsar da aikin shekarun nan ya sake daga farko, har ya gano hanyar da'ira ce da aka ɗan matse.

“Wannan ita ce sana'armu gaba ɗaya,” in ji Madam, tana mayar da makullin aljihu. “Sauran duk lissafi ne.”

Na rubuta maganar a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashinta. Ku riƙe wannan, za ku ga abin da mai jan layi biyu ya aikata.

Tsakanin Mirrihi da duniyar Mushtari akwai duwatsu masu ɗimbin yawa da ke zagaya rana, wasu girmansu ya kai ƙasa guda. Aikina shi ne in bi sawun wani ƙarami daga cikinsu, in tattaro duk inda aka taɓa ganinsa aka rubuta, tun zamanin alƙalami da tawada. A shekara ta uku na ga wani abin mamaki. A wasu watanni, fiye da shekara ɗari da suka wuce, dutsen nan ya ɗan goce daga inda lissafi ya ce ya kamata a same shi. Kaɗan ne ƙwarai, amma akwai shi. Da na bincika sai na ga a daidai lokacin ya gifta kusa da wani babban dutse. Ke nan babban ne ya ja shi. In kuwa ka san yawan gocewar, to ka san nauyin wanda ya ja. Babu wanda ya taɓa auna nauyin wannan babban dutse, sai ni Lawali ɗan Damagaram. Madam ta duba lissafin sau uku, ta ce ya yi. Aka sa ranar da zan kare kundina na dokta, aka kuma yi mini alkawarin gurbin bincike na shekara biyu da zarar na kare. Abin da ban tsaya na yi tunani a kansa ba shi ne, duk ganin da aka yi wa dutsen a waɗancan watanni daga wuri ɗaya ya fito, wani tsohon gidan duban taurari a kan tudu, kudu da Lyon. Wasiƙa na rubuta musu tun farkon aikin, na ce a kwafo mini shafukan da ke da lambobi kawai, ba na bukatar sauran.

Mahaifiyarku, Fassuma, tana Lyon a lokacin, da cikinka wata bakwai. Ungozoma ce tun a gida, tana sake karatun a nan domin a yarda da takardarta. Ɗakina na Montreuil bai isa mutum biyu ba balle uku, shi ya sa take zaune wurin kawunta, Alhaji Idi, a saman shagonsa na unguwar La Guillotière. Zara ba ta riske shi da ƙarfinsa ba, amma kai ka san shi, ka san muryar nan da ake jiyowa tun daga tashar jirgin taram. Gero yake sayarwa da kuka da daddawa da busasshen kifi da katin waya. Bai taɓa shiga lakwal ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Duk ranar da na zo, kafin in ajiye jaka sai ya tare ni.

“To, Malam Lawali, dutsen nan da ka auna, da wane sikeli? Ka aro mini shi mana, nawa ya fara ƙarya.”

Tsokanata yake yi, amma alfahari ya cika shi. Babu wanda ya shigo sayen ko da barkono ne bai ji cewa mijin 'yarsa zai zama doktan taurari ba. Ya riga ya buga waya Damagaram, ya kuma riga ya tara abokansa da za su hau jirgin ƙasa su raka shi Paris ranar karewa, kowa da babbar rigarsa.

Saura mako shida a kare kundin, na zo Lyon wata Asabar. Muna zaune ni da shi a ɗakin bayan shago muna shan shayi, tsakanin buhunan shinkafa, sai ya ajiye kofinsa ya miƙe.

“Tashi mu yi alwala, Azahar ta yi.”

Na ciro takardar lokutan salla da nake ɗaukowa a masallacinmu na Montreuil, na dubi agogona.

“Kawu, da saura. Biyu saura goma take shiga, yanzu biyu saura ashirin ne.”

“Wannan takardar ta ina ce?”

“Ta Paris.”

“To ajiye ta sai ka koma Paris. Zo ka gani.”

Ya ja ni bakin tagar da ke kallon kudu. A jikin katakon tagar akwai wata doguwar ƙusa, a daɓe kuma an ja layi da jan fenti. Sau nawa na taka layin nan ban lura ba. Inuwar ƙusar ta hau kansa, har ta fara gotawa.

“Babana ya koya mini wannan a Mirriya,” in ji shi. “Da na kama shagon nan, sati guda na yi ina bin inuwa kafin in ja layin. Agogo na gwamnati ne, ɗaya ne a ƙasar duka, amma rana ba ruwanta da gwamnati. Muna gabas da ku, tana riga zuwa kanmu da minti goma. Haba, kai da ke auna duwatsu a sama, ba ka san wannan ba?”

Na sani mana, abin haushin ke nan. Da lemo da tocila na sha koya wa yara wannan a Damagaram. Na kuma san cewa a da, kafin a ɗora ƙasar duka kan agogo ɗaya, kowane gari da ranarsa yake saita agogonsa. Na tsaya sototo ina kallon jan layin. Mutumin da ya ga dutsena daga kan tudun can, da wane agogo ya rubuta lokaci? Ni dai a kan lokacin Paris na shigar da lambobinsa cikin ordinata, kamar sauran. A cikin minti goma dutsen yana ɗan matsawa a sama. Na lissafa matsawar a kaina, a tsaye a nan, butar alwala a hannuna. Ta yi daidai da gocewar da na gina kundina a kanta. Na bi Kawu salla, amma Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta ba.

Ban koma Paris ranar Lahadi ba kamar yadda na saba. Litinin da safe na hau bas zuwa kan tudun. Matar da ke kula da tsofaffin takardu ta sauka ɗakin ƙasa ta kawo mini ainihin littafin, mai baƙin bango da ya fara ɓarewa. Na buɗe shafin farko, wanda na ce ba na bukata. Rubutun hannu ne mai kyau, tsaf da shi, yana cewa duk lokutan da ke cikin wannan littafi na agogon gidan nan ne, lokacin Lyon. Bawan Allah bai ɓoye komai ba. Domin irina ya rubuta, tun kafin a haifi kakana, ni ne ban buɗe ba. Matar ta tambaye ni ko na sami abin da nake nema, na ce e, na gode. Da na koma Paris na jira sauran suka fita cin abincin rana, na gyara minti goman a ordinata. Dutsen ya koma kan hanyarsa tiryan-tiryan. Babu gocewa, babu wanda ya ja shi, don haka babu nauyin da na auna.

Yanzu ga wurin da nake so ku karanta a hankali. Ba tashi na yi na nufi buron Madam ba. Mako biyu na yi shiru. A cikin makonnin nan na ci gaba da gyaran waƙafi a kundin, har na je na gwada kwat ɗin da zan sa. Na riƙa ce wa kaina, wa zai sauka wancan ɗakin ƙasa? Matar da bakinta ta ce ni ne na farko da ya nemi littafin tun da ta fara aiki a wurin. Bursina ƙarewa take a ƙarshen shekara, takardar zamana a ƙasar a kan karatun ta dogara, kai kuma kana hanya. Na ce bari in kare tukuna, in sami gurbin, bayan shekara biyu sai in yi kamar yanzu na gano kuskuren in gyara. Wallahi har na ga dabarar ta yi kyau. Idan labarin Bajamushen ya faɗo mini, sai in ce ai yana da daɗi a aji, amma ba wanda ya gaya mana ko matarsa tana da ciki a lokacin.

Asabar ta biyu na koma Lyon. Bayan cin abinci na raka mahaifiyarku bakin kogi, domin likita ya ce ta riƙa takawa. Ta gaji, muka zauna a kan benci.

“Malam,” haka take ce mini tun ina koyarwa a gida, “zuwa biyu ke nan kana barin tuwo a kwano. Wa ya mutu?”

Na gaya mata komai, har da kwat ɗin. Ta ɗora hannu a kan ciki.

“Wa ya sani?”

“Ni kaɗai. Sai ke yanzu.”

“Da ka bar ni cikin rashin sanina.”

Kada ku zaci ta yi mini wa'azi. Kuka ta yi, kukan haushi. Ta ce shekara huɗu tana nan ina can, muna gaisawa da katin waya, har ta riga ta zaɓi labulen gidan da za mu kama a Paris.

“Shafi ɗaya, Malam! Kai da kake dukan tebur in yaro bai karanta tambaya tun daga farko ba.”

Gaskiya ta faɗa. Da ta share hawaye sai ta tambaye ni.

“Wannan lambar da ka rubuta, a kundinka za ta zauna, ko wani zai ɗauka?”

“Za a ɗauka. Masu lissafin hanyoyin sauran duwatsu za su sa ta cikin nasu.”

“To. Ni in na rubuta nauyin jariri ba daidai ba a katinsa, ba ni zan sha wahala ba. Wata ce za ta zo bayana ta auna masa magani da lambata, ita kuma ta yarda da ni.” Ta dafa bencin ta miƙe da ƙyar. “Ba zan ce maka je ka faɗa ba, kada gobe ka ce ni na sa ka. Amma kada ka sake zuwar mini da wannan fuskar. Kama ni mu koma.”

Litinin da safe na ƙwanƙwasa ƙofar Madam. Na ajiye mata lissafin biyu, tsohon da sabon, da kwafin shafin farko. Ta karanta, ta ɗauki fensir ta bi da hannunta, kusan rabin awa. Ina tsaye, ko tayin kujera ba ta tuna ta yi mini ba. Daga nan ta cire tabarau.

“Minti goma,” ta ce.

“E, Madam.”

“Yaushe ka gano?”

Nan ne na so in ce jiya. Na ce, “Yau mako biyu.”

Ta dube ni na ɗan lokaci. “Na gode da ka faɗi wannan ma. Ni kaina sau uku na duba, ban tambaye ka shafin farko ba. Kuskuren namu ne mu biyu, amma kai ne za ka biya, kuma ba ni da yadda zan hana. Zauna, Lawali.”

Haka kuwa aka yi. Aka soke ranar karewa. Bursina ta ƙare, Madam ta bi duk ƙofar da ta sani ba a sabunta ba. Gurbin binciken a kan wancan sakamakon aka gina shi, aka ba wani ɗalibi, kuma ya cancanta. Ita ce ta rubuta wasiƙun da suka samo mini aikin koyarwa a wani kolej a gefen Lyon, wanda shi ya ceci takardar zamana. Ita ce ta yi shekara biyu tana karanta sabon aikina babi-babi a ranakun hutunta, har na kare wani ɗan kundi a kan gyara lokuta a tsofaffin littattafan duban taurari. Mutum shida ne a ɗakin ranar, har da mahaifiyarku da kai a goye. Ban sake komawa bincike ba. Koyar da yara lissafi na yi ta yi, kamar yadda kuka tashi kuka same ni, kuma ban raina aikin ba. Amma na yi baƙin ciki, ba zan ɓoye muku ba. Har yau in na ji an auna nauyin wani dutse a sama, sai in tuna da nawa.

Saura Kawu. Ban iya gaya masa cewa layinsa ne ya kayar da ni ba. Cewa kawai na yi an sami matsala a lissafi, an ɗage. Shi kuwa mutane suna shigowa shago suna tambayar yaushe ne tafiya Paris, dole ya ce musu wani abu. Kafin sati ya zagayo labari ya tsaya da ƙafarsa: Turawa sun ga baƙar fata ya riga su auna dutse, suka danne, kuma tsohuwar nan ce ta shirya komai. Ba ƙarya ya zauna ya ƙirƙira ba, ya yarda da abin da yake faɗa, domin a wurinsa ba zai yiwu surukinsa ya yi kuskure ba. Mutane ma suka yarda nan take, domin da yawa cikinsu an taɓa cutarsu da gaske a wurin aiki ko a layin neman takarda. Ranar da na fara ji a shago na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda suke kallona. Kallon girmamawa ne, irin wanda ake yi wa wanda aka zalunta. Da na faɗi gaskiya, da kallon ya koma na wanda bai karanta shafin farko ba. Na rufe bakina.

“Ba za ka gyara ba?” in ji mahaifiyarku da muka hau sama.

“Bari ƙura ta lafa.”

Ba ta sake tambayata ba, ni kuma ban sake tayarwa ba.

Ranar sunanka a saman shagon aka taru, da hantsi. Na aika wa Madam gayyata don ladabi, ban zaci za ta zo ba. Sai ga ta, ta hau jirgin ƙasa awa biyu, tana riƙe da ƙunshi. Ta ga takalma a bakin ƙofa ta cire nata ba tare da an ce mata ba. Ta miƙa wa mahaifiyarku ƙunshin, ɗan bargo ne mai ruwan toka da ta saƙa da hannunta. Mahaifiyarku ta naɗe ka a ciki ta ɗora mata kai a cinya. Wannan ce rana ta farko da na ga tsohuwar nan tana dariya har haƙoranta sun fito. Abokan Kawu suna zaune a kan tabarma, taku uku daga inda take. Ɗaya ya yi magana da Hausa, ko sassauta murya bai yi ba.

“Ita ce ke nan? Dubi idonta, ko kunya babu.”

“Ta cuci bawan Allah, kuma ta zo cin naman sunan ɗansa,” in ji wani.

“Ku ƙyale ta,” in ji Kawu. “Allah yana gani.”

Ta lura ita ake kallo. Ta juyo gare ni da murmushi, kana barci a hannunta.

“Me suke cewa, Lawali?”

Kowa da ke bukatar jin gaskiyar yana nan a zaune, jumla uku sun ishe ni. Mahaifiyarku tana tsaye a ƙofar kicin ta zuba mini ido.

“Suna yi miki sannu da zuwa, Madam,” na ce.

Ta juya wurinsu ta ɗan rusuna, ta faɗi Hausa ɗayar da na taɓa koya mata a buro.

“Na gode.”

Ta rasu kana aji huɗu. Na je Paris jana'izarta, na tsaya daga baya. Ba ta taɓa sanin abin da ake faɗa a kanta a La Guillotière ba, kuma ni ban ɗauki wannan a matsayin sauƙi ba. Kawu ma ya rasu bai san ƙusarsa da jan fentinsa sun kayar da ordinata ba. Wannan ma yana ci mini rai, domin na hana shi alfaharin da ya fi kowane girma a rayuwarsa, da ya yi ta ba da labarin har ranar da ya bar duniya. Shagon yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki. Na leƙa bara, sun shimfiɗa leda a daɓen.

Habu, akwai danniya a ƙasar nan. Na gamu da ita a wasu wurare, wataƙila ma ita ce ta same ka a wannan aikin, ban sani ba. In ita ce, ka tsaya ka nemi haƙƙinka, ina bayanka. Amma ka fara duba takardunka tun daga shafin farko, kuma kada ka sa ni cikin shaidunka. Kuskuren minti goma mako biyu ya yi a hannuna na gyara shi. Na ranar sunanka sai yau nake gyarawa, bayan duk waɗanda ya kamata su ji sun tafi. Ɗan bargon nan mai ruwan toka da ka ƙi kwana ba shi har ka shiga lakwal, kana tambayata wa ya kawo ina ce maka wata baƙuwa ce, to ita ce. Yana cikin akwatin mahaifiyarku. Ka je ka ce ta ciro maka.